Injin niƙan Woodbridge: tarihin niƙa da ƙarfin cikowar teku

A garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe, niƙa ya bi hanya ɗaya: daga dutsen niƙa da mata ke durƙusawa a kansa, ya koma injin da ke shan man fetur ko gas, wanda kuɗin niƙansa ke hawa duk ranar da mai ya yi tsada. Amma mutanen gaɓar tekun Turai sun shafe fiye da shekara dubu suna niƙa hatsi ba mai, ba dabba, da ƙarfin ruwan teku kaɗai. Fitaccen misali shi ne gidan niƙan garin Woodbridge da ke lardin Suffolk a gabashin Ingila, a bakin kogin Deben, inda ruwan teku ke shigowa yana komawa.

Teku na cikowa ya kuma janye sau biyu a kowace rana, saboda jan da wata ke yi wa ruwa. Sai aka haƙa babban tafki a bayan gidan niƙan, aka yi masa ƙyaure mai buɗewa ta ciki. Idan ruwa ya taso, shi da kansa zai tura ƙyauren ya cika tafkin. Idan ya fara janyewa, nauyin ruwan da ke ciki ya rufe shi. Mai niƙa zai jira sai kogin ya sauka sosai, sannan ya saki ruwan a kan wata ƙatuwar wili ta katako, ita kuma ta juya duwatsun niƙa.

Abin da ya bambanta wannan sana'a da sauran shi ne agogonta. Tsakanin cikowa ɗaya da mai bi mata akwai kimanin sa'a 12 da minti 25, don haka lokacin aiki na matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. Wanda ya yi niƙa da hantsi yau, bayan 'yan kwanaki sai da azahar, wani zubin kuma da tsakar dare. Ƙarfin ruwan ma ba ɗaya ba ne: ya fi cikowa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, ya yi rauni a tsakaninsu. Mutumin da ya saba duban wata don azumi da salla ba zai sha wuyar gane wannan lissafi ba.

Dabarar ta girmi Woodbridge. A Nendrum da ke Ailan ta Arewa an tono ragowar irin wannan injin, wanda binciken katakonsa ya nuna an sare itacen wajen shekarar 619. A Woodbridge kuwa, rubutun farko da ya ambaci gidan niƙa na 1170 ne. Ya daɗe a hannun limaman cocin garin, har Sarki Henry na takwas ya ƙwace kadarorinsu. Ginin da ke tsaye a yau an yi shi ne a 1793.

Injunan tururi, sannan na gas da lantarki, su suka kashe kasuwar irin waɗannan gidaje, domin ba sa jiran wata. Na Woodbridge ya yi ta lallaɓawa har 1957, lokacin da babban itacen da ke ɗauke da wilin ya karye; shi ne na ƙarshe a Birtaniya da ke niƙan kasuwa da ruwan teku. An sayi ginin a 1968 yana dab da rushewa, aka gyara shi, aka buɗe wa masu ziyara a 1973. Tsohon tafkinsa ya zama matsayar ƙananan jiragen ruwa, sai aka haƙa masa ƙarami, kuma har yanzu yana niƙa alkama.

Ita kanta dabarar tare ruwa a sake shi ta koma harkar lantarki. Faransa ta buɗe tashar La Rance a 1966 mai ƙarfin megawat 240, Koriya ta Kudu kuma ta buɗe ta tafkin Sihwa a 2011 mai megawat 254.