Barkono, Kwaɗo da Kifi: Tarihin Gano Ma'aunin Zafi a Jikin Dabbobin Ruwa

Duk mai kiwon tarwaɗa a Suleja ya san halin kifinsa idan hunturu ya kama. Da sassafe a watan Janairu sai ya watsa abinci a tanki, ƙwayoyin su yi ta yawo a saman ruwa, kifin kuwa ya lafe a ƙasa, ba ya tasowa sai rana ta ɗaga. Masunta a kogin Iku sun san wannan tun kaka da kakanni. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, da me dabba take auna zafi da sanyi?

Bakin zaren ya fito ne daga ƙuda. A 1969, Cosens da Manning suka ci karo da wani ƙudan 'ya'yan itace da ganinsa ke ɗaukewa idan haske ya daɗe a kansa. A 1989, Montell da Rubin suka gano ƙwayar gadon da ta lalace, wadda ake kira TRP. Aikinta shi ne gina wata 'yar ƙofa a bangon ƙwayar jijiya, wadda idan ta buɗe saƙo ke tafiya ƙwaƙwalwa.

Sai a 1997 David Julius na Amurka ya yi amfani da sinadarin da ke sa barkono yaji, ya gano 'yar'uwar wannan ƙofa, TRPV1. Ita ce ke buɗewa idan zafi ya kai wajen digiri 43, kuma sinadarin yajin ma yana buɗe ta, shi ya sa attaruhu ke ƙona baki kamar wuta. A 2002 aka gano ta sanyi, TRPM8, ta hanyar sinadarin na'a-na'a. Wannan aiki ne ya jawo wa Julius da Ardem Patapoutian lambar Nobel a 2021.

Da aka juya kan dabbobin ruwa, sai aka tarar ƙofofin na nan, amma kowa da saitinsa. A jikin kifin zebra, TRPV1 tana buɗewa tun daga wajen digiri 25, kuma yaji ba ya motsa ta. Najeriya ma ta shiga labarin: kwaɗon ruwan nan mai farata, Xenopus tropicalis, wanda aka karanta jerin ƙwayoyin gadonsa a 2010, daga zuriyar da aka ɗauka a ƙasar nan ya fito. A 2011, Saito da Tominaga na Japan suka nuna cewa ƙofar TRPV3, wadda ɗumi ke buɗe ta a jikin masu shayarwa, sanyi ne ke buɗe ta a jikin wannan kwaɗo.

Dalili a fili yake. Jikin ɗan Adam yana tsaye a digiri 37, na kifi da kwaɗo kuwa yana bin ruwan da suke ciki, don haka kowace zuriya ta gaji ma'aunin da ya dace da ruwanta. Tarwaɗa 'yar ruwan ɗumi ce, kuma mai kiwon da ke jiran hantsi kafin ya ba ta abinci, saitin da ta gada yake bi.