Hannun Mai Jifa: Tarihin Caca A Wasan Besbol Na Amurka

Mai karatu, yau za mu ɗan ajiye labaran soyayya mu leƙa Amurka, mu duba tarihin wani wasa da ba mu saba da shi ba, wato besbol, da yadda 'yan caca suka daɗe suna kewaya shi kamar yadda ƙuda ke kewaya kwanon fura. Kada ka ce ba ka san wasan ba, abin da kake buƙata ka sani kaɗan ne.

Kowace ƙungiya 'yan wasa tara take sakawa a fili, kuma wasan turmi tara ne. Mutum ɗaya yana tsaye a kan ɗan tudu a tsakiyar fili yana jefa ƙwallo, wani daga ɗaya ɓangaren yana riƙe da kulki yana jira ya doke ta, tsakaninsu ƙafa 60 da inci 6. In mai kulki ya doka, sai ya ruga ya bi zango huɗu, in ya dawo inda ya taso an ci maki ɗaya ke nan. In ya kuskure jifa mai kyau sau uku an fitar da shi. In kuma mai jifa ne ya karkatar da ƙwallo sau huɗu, sai mai kulki ya tafi zango na farko a kyauta. Ka ga ke nan babu abin da ke motsi a filin sai ƙwallo ta bar hannun mai jifa. A ƙwallon ƙafa mai tsaron gida zai iya yin rabin sa'a bai taɓa ƙwallo ba, amma a besbol mai jifa yakan jefa ta kusan sau ɗari a wasa guda.

Saboda haka ne ɗan cacar besbol ba ya tsayawa a kan sunan ƙungiya, abin da yake fara tambaya shi ne, wa zai yi jifa yau? Masu jifa karɓa-karɓa suke yi, domin hannu yana buƙatar hutun kwanaki, don haka ƙungiyar da ta fi ƙarfi jiya tana iya zama mai rauni yau. Gidajen caca na jihar Nevada sun daɗe da wata ƙa'ida, mutum yana iya zuba kuɗinsa da sharaɗin wane da wane ne za su fara jifa, in aka canza ɗayansu a mayar masa da kuɗinsa. Wannan ya sa masu wannan harka suke ganin kansu masana ne, suna zama da alƙaluma suna auna hannun wane da na wane. To amma akwai wata ɓaraka a cikin lissafin. In dai sakamakon wasa ya rataya a hannun mutum ɗaya, to mai son maguɗi ba sai ya sayi mutum tara ba, hannu ɗaya ya ishe shi. Tarihin da za mu duba tarihin cinikin wannan hannun ne.

An kafa babbar gasar National League a 1876, ba a yi shekara biyu ba abin ya fito fili. A 1877 ƙungiyar Louisville Grays tana da mai jifa ɗaya tilo mai suna Jim Devlin, wanda shi ya yi jifan kowane turmi na kowane wasan gasar a shekarar. A watan Agusta suna kan gaba, kowa ya sakankance kofi nasu ne, sai kawai suka shiga shan kashi a jere har Boston ta wuce su. Shugabannin ƙungiyar suka lura ana yawan aiko wa wasu 'yan wasa da saƙon tangaraho, suka matsa a buɗe a gani, sai ga shaidar hulɗa da 'yan caca. Aka kori mutum huɗu har abada, Devlin da George Hall da Al Nichols da Bill Craver. Devlin ya yi ta bin shugaban gasar, William Hulbert, yana roƙon a yafe masa, bai samu ba. Ya ƙare da aikin ɗan sanda a Philadelphia, tarin fuka ya kashe shi a 1883.

Babban abin kunyar kuwa sai a 1919 ya zo. A gasar ƙarshe ta shekara, wadda ake kira World Series, aka haɗa White Sox ta Shikago da Reds ta Cincinnati, wasa tara aka tsara, wanda ya riga cin biyar ya ɗauki kofi. Duk wanda ya iya lissafin masu jifa zai ce maka Shikago ce za ta ci. Suna da Eddie Cicotte, ɗan shekara 35, wanda ya ci wasa 29 aka cinye shi 7 kacal a shekarar, ga kuma Lefty Williams bahago mai nasara 23. Gwaninsu na uku, Red Faber, ba shi da lafiya, don haka nauyin gasar kusan duka a kan waɗannan biyun yake. A takarda dai magana ta ƙare.

Abin da masu lissafi ba su sani ba shi ne, mai tsaron zango na farko na Shikago, Chick Gandil, ya riga ya zauna da wani ɗan caca na Boston mai suna Sport Sullivan. A gefe guda kuma ga wani tsohon mai jifa, Bill Burns, da abokinsa Billy Maharg, da tsohon zakaran damben boksin Abe Attell, su ma suna ƙulla nasu. A bayan fage sunan da ake ta ambata shi ne Arnold Rothstein, uban 'yan cacar New York. Gandil ya tara 'yan wasa takwas a maganar, amma kowa ya san in babu Cicotte da Williams aikin banza ne. Cicotte ya ce shi ba ya bashi, a ba shi nasa kafin a fara. Daren jajibirin wasan farko ya ɗaga matashin kansa a ɗakin otal ya tarar da dala 10,000.

Ranar 1 ga Oktoba, 1919, a filin Cincinnati, Cicotte ya hau tudu. Jifansa na biyu ya sami mai kulkin farko na Reds, Morrie Rath, a gadon baya. Ga 'yan kallo kuskure ne, amma ga waɗanda suka san dawan garin alama ce cewa ciniki ya faɗa. A turmi na huɗu aka zura wa Shikago maki biyar, aka tashi 9 da 1. Kashegari Williams, mutumin da aka sani da iya saita jifa, ya ba mutum shida zango a kyauta, aka cinye su 4 da 2. Tun kafin a fara gasar kuɗi suka yi ta kwarara ɓangaren Reds har farashin caca ya juya, kuma ɗan jarida Hugh Fullerton ya ji ƙishin-ƙishin, shi ya sa ya zauna kusa da tsohon gwanin jifa Christy Mathewson suna yi wa duk wasan da ba su yarda da shi ba alama a takarda.

Wasa na uku shi ne ya fi ba ni sha'awa a duk labarin. 'Yan caca ba su cika alkawarin kuɗin da suka yi ba, 'yan wasan sun fusata, kuma wanda zai yi jifa ranar wani ɗan ƙaramin bahago ne, sabon shiga, Dickie Kerr, wanda ba a saka shi a cinikin ba. Burns da Maharg, da yake suna ganin sun riga sun saye ƙungiyar, suka kwashe duk abin da suka samu a wasanni biyun farko suka zuba a kan Reds. Kerr ya hana Reds cin ko maki ɗaya, aka tashi 3 da 0, su Burns suka wayi gari ba ko sisi. Dubi ikon Allah, Burns tsohon mai jifa ne, ya fi kowa sanin hannun da ke kan tudu ne ke yanke hukunci, amma kwaɗayi ya mantar da shi cewa hannun ranar ba nasa ba ne.

Daga nan Cicotte ya faɗi wasa na huɗu 2 da 0, bayan shi da kansa ya yi kurakurai biyu a turmi ɗaya. Williams ya faɗi na biyar 5 da 0. Kerr ya sake ci a na shida, Cicotte ya yi wasa tsakani da Allah ya ci na bakwai 4 da 1. A na takwas, ranar 9 ga Oktoba, Williams mutum ɗaya kawai ya iya fitarwa kafin a sauke shi daga tudu a turmin farko, Reds suka ci 10 da 5 suka ɗauki kofi. Ka lissafa da kanka mai karatu: wasa biyar Shikago ta faɗi, uku a hannun Williams, biyu a hannun Cicotte. Duk wanda ya zuba kuɗinsa a kan alƙaluman waɗannan mutane biyu lissafinsa daidai ne, sai dai alƙaluman ba su nuna abin da ke ƙarƙashin matashin kai ba.

Kusan shekara guda maganar tana rufe, duk da rubuce-rubucen Fullerton. Abin da ya tona ta ma wani mai jifa ne a ɗaya ƙungiyar ta Shikago, wato Cubs. Ranar 31 ga Agusta, 1920, shugaban Cubs ya sami saƙonni cewa ana zuba kuɗi masu yawa a kan abokan karawarsu, Phillies, ƙungiyar da ke can ƙasan teburi. Sai aka cire Claude Hendrix wanda aka tsara zai yi jifa, aka sa gwaninsu Grover Alexander, duk da haka aka cinye su 3 da 0. Aka kafa kwamitin masu taimaka wa alƙali na gundumar Cook don ya binciki wannan wasan, bincike ya zarce zuwa gasar bara. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ranar 28 ga Satumba, 1920, Cicotte ya amsa laifinsa, ya ce iyalinsa da bashin gonarsa ne suka sa shi. Joe Jackson da Williams su ma suka yi bayani, Williams ya ce dala 5,000 ce ta shigo hannunsa. Jaridu suka juya sunan ƙungiyar daga Fararen Safa zuwa Baƙaƙen Safa, sunan da ya bi su har yau.

A kotu kuwa, ranar 2 ga Agusta, 1921, aka wanke su. Murnar ba ta kwana biyu ba. Masu ƙungiyoyi sun riga sun ɗauko wani alƙalin tarayya, Kenesaw Mountain Landis, sun naɗa shi kwamishinan wasan na farko, shi kuwa washegari ya sanar cewa ko me kotu ta ce, duk ɗan wasan da ya sayar da wasa, ko ya zauna inda ake ƙulla sayarwa bai kai rahoto ba, ya gama besbol. Haka aka kori dukkan takwas ɗin, har da Buck Weaver wanda laifinsa shi ne ya ji ya yi shiru. Rothstein ba a taɓa gurfanar da shi a kan wannan magana ba, harbe shi aka yi a New York a 1928. Cicotte ya koma Michigan ya yi aiki a kamfanin motoci na Ford, daga baya ya yi noma, ya rasu a 1969.

Dokar da aka kafa bayan wannan, wadda ake liƙawa a ɗakin sauya kaya na kowace ƙungiya, ta ce duk wanda ya yi caca a kan wasan da yake da hannu a ciki an kore shi har abada. Ita ce ta ci Pete Rose a 1989, mutumin da ya fi kowa yawan dukan ƙwallo mai kyau a tarihin manyan gasannin Amurka, har 4,256. Yana kocin Reds yana zuba kuɗi a kan ƙungiyarsa, ya yi shekaru yana musu kafin ya amsa a 2004. Magoya bayansa sukan ce ai a kan nasara yake zubawa. To amma binciken lauya John Dowd ya nuna a 1987 akwai ranakun da ba ya zubawa, musamman in Bill Gullickson ne zai yi jifa. Koci ya ƙi saka kuɗinsa a kan mai jifansa, wane labari ne ya fi wannan daraja a wurin dillalin caca? Rose ya rasu a 2024, kuma a watan Mayu na 2025 kwamishina Rob Manfred ya ce korar tana ƙarewa da mutuwar mutum, aka cire sunansa tare da na su Jackson da Cicotte da Williams.

A 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar 1992 da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni, caca ta koma cikin wayar hannu. Yanzu ba a kan wasa kaɗai ake zuba kuɗi ba, har a kan jifa guda: zai yi kyau ko zai karkace, gudunsa zai kai kaza ko ba zai kai ba. A watan Nuwamba na 2025 masu gabatar da ƙara na tarayya a Brooklyn suka tuhumi masu jifa biyu na Cleveland Guardians, Emmanuel Clase da Luis Ortiz, da sanar da 'yan caca irin jifan da za su yi, su biyun kuma suka musanta. Nan take hukumar wasan da manyan kamfanonin caca suka ƙayyade irin wannan caca kada ta wuce dala 200.

Ka duba yadda abin ya yi ta raguwa. A zamanin Devlin kakar wasa guda ake zargin an sayar, a zamanin Cicotte gasa guda, yanzu kuwa magana ake a kan jifa ɗaya tak wanda ko 'yan kallo ba za su lura da shi ba. Mai zama da alƙaluman masu jifa yana iya sanin wanda hannunsa ya gaji da wanda ya huta kwana biyar, amma bai san da wa mutumin ya gana jiya da dare ba, kuma mutanen da suka zuba kuɗinsu a kan White Sox a Oktoban 1919 sai bayan shekara guda suka ji dalilin asararsu, babu kuma wanda ya mayar musu da ko kwabo.

Mu haɗu a rubutu na gaba.