Kusheyin Dā Tsakanin Azbin da Katsina: Matsalar Kariya da Matsayin Iyakar Jibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci manyan kusheyin dā na tsaunukan Azbin a Nijar da na Durɓi ta Kusheyi a Jihar Katsina, bisa rahotannin tono da aka wallafa da kuma dokokin ƙasashen biyu. Matsayinta shi ne, tsaron iyaka irin ta Jibiya yana da amfani, amma ainihin kariya a bakin kabarin take farawa.

Gabatarwa

A tsaunukan Azbin akwai dubban tsibin duwatsu waɗanda matafiyi zai ɗauka iska da ruwa ne suka tara su, alhali kaburbura ne. Wasu tuli ne kawai, wasu an jera su da'ira hawa-hawa, wasu kuma siffar jinjirin wata gare su. Wani mai bincike, François Paris, wanda ya wallafa bincikensa a 1996, ya nuna cewa an daɗe ana binne mutane haka tun kafin zuwan Musulunci, har wasu kusheyin sun haura shekara 4,000. Galibi akan sami mamacin kwance a gefe ɗaya, gwiwoyinsa a naɗe.

Darasin Durɓi ta Kusheyi

A ƙasar Katsina, mafi kusa da wannan al'ada su ne tuddan Durɓi ta Kusheyi a Ƙaramar Hukumar Mani, ko da yake su na ƙasa ne, kuma shekarunsu ba su kai na Azbin ba. Sau biyu aka tona su, kuma bambancin tonon biyu shi ne jigon wannan nazari. A 1907 wani jami'in Turawan mulkin mallaka mai suna Palmer ya yi tono a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Kayan da ya fitar sun ɓace, sai ɗan bayanin da ya bari. A 1992 kuwa, masu bincike daga Jamus tare da hukumar kula da kayan tarihi ta Nijeriya sun tona tuddai uku, suka ɗago abin da ke ciki dunƙule da ƙasarsa ba tare da sun warwatsa shi ba. A 2007 aka kai dunƙulen birnin Mainz na Jamus, aka buɗe su sannu a hankali. Nan aka ga tasar tagulla ƙirar Gabas ta Tsakiya, da wuri, da duwatsun ado, da awarwaron hauren giwa, da kayan zinariya, kowanne a inda aka ajiye shi jikin mamacin, aka kuma gano cewa binnewar ta faru ne tsakanin ƙarni na 13 da na 16. An dawo da kayan gida a 2014. Da a ce mai neman zinariya ne ya riga su, da tasar ta tsira a hannun wani attajiri, amma shaidar cinikin Katsina da ƙasashen ƙetaren Sahara ta tafi har abada.

Doka da Iyaka

Dokoki dai akwai su. Nijeriya tana da doka mai lamba 77 ta 1979 wadda ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, Nijar kuma tana da tata ta 1997. Duk da haka an wawashe maƙabartar Bura ta Nijar a shekarun 1990, kuma tun 2014 haƙar zinariya ta kai dubban mutane lungunan arewacin Agadas. Jami'in kwastan da ke Magamar Jibiya, a kan hanyar Maraɗi ta Ɗan Isa, an horar da idonsa ne a kan shinkafa da fetur da makamai. Yaya zai bambance tsakiyar da aka ciro daga kabari da wadda aka saya a kasuwa? Ko ya kama ta, kabarin ya riga ya lalace.

Don haka wannan maƙala tana kira ga hukumomin tarihi na ƙasashen biyu, tare da jami'o'in Katsina da Maraɗi, da su yi rajistar kowane tudu da taswirarsa, su damƙa amanarsa a hannun dagaci ko mai unguwar da ke kusa da alawus tsayayye, sannan su samar wa jami'an Jibiya da Ɗan Isa kundin hotunan irin waɗannan kaya da Hausa da Faransanci.