Farautar barewa da baka a Amurka: ƙa'idojin zaɓen inda za a harba

A Amurka, farautar barewa da kwari da baka tana da lasisi da lokacinta na musamman a kowace shekara. Jihar Wisconsin ce ta fara keɓe wa maharba da baka lokacin farauta a shekarar 1934, sannan a 1961 aka kafa ƙungiyar Pope and Young, wadda ke kula da ladubban wannan farauta. Babban ladabin da ake koya wa maharbi shi ne kada ya saki kibiya sai ya tabbatar za ta kashe dabbar cikin gaggawa.

Dalilin haka yana cikin yadda kibiya ke kisa. Maharban ƙasar Hausa na dā sun dogara da dafin da suke shafa wa kibiya, amma akasarin jihohin Amurka sun haramta dafi. Saboda haka kaifin bakin kibiya kaɗai ke aiki, ta hanyar yanke jijiyoyi da zubar da jini. Wurin da ake nufa shi ne huhu da zuciya, a bayan ƙafar gaba, kuma faɗinsa bai wuce kimanin santimita 20 ba. Idan kibiya ta ratsa huhu biyu, barewa kan faɗi cikin daƙiƙoƙi.

Tsayuwa biyu aka amince da su. Ta farko ita ce barewa ta ba da gefenta sosai, haƙarƙarinta a fili. Ta biyu ita ce ta ɗan karkata, ta ba maharbi baya kaɗan, ta yadda kibiya za ta shiga ta bayan haƙarƙari ta nufi ƙafar gaba ta ɗaya gefen. Idan kuwa ta fuskanto shi, ƙashin kafaɗa da na ƙirji suna kare huhun. Haka nan ana hana harbin kai, da na wuya, da na cinya, da harbin dabbar da ke gudu. Wanda ke harbi daga kan bishiya kuma, idan barewa ta matso ƙarƙashinsa sosai, sau da yawa huhu ɗaya yake samu, kuma dabba na iya yin tafiya mai nisa da irin wannan rauni.

Nisa ma abin lura ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, kibiyar bakan zamani kuwa kimanin mita 90. Barewa takan ji ƙarar tsirkiya, ta durƙusa don zabura kafin kibiya ta iso. Shi ya sa masu koyarwa ke shawartar maharbi ya tsaya a tazarar mita 20 zuwa 30, ya kuma duba ko akwai reshe ko wata dabbar a hanyar kibiya.

Nauyin maharbi bai ƙare da sakin kibiya ba. Idan harbin huhu ne, yakan jira kimanin minti 30 kafin ya bi sawun jini. Idan tumbi aka sama, jiran yakan kai sa'o'i 8 zuwa 12, domin korar dabba mai rauni kan sa ta ɓace ta mutu a banza. Jihohi da yawa suna hukunta wanda ya yi watsi da naman abin da ya harbe. Idan sharuɗɗan harbi ba su cika ba, abin da ake buƙata daga maharbi shi ne ya sauke baka ya bar barewa ta wuce.