Daga Garki zuwa Kebbi: Doguwar Farautar Rigakafin Maleriya

Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa ya san yadda zazzaɓin damina yake zaɓen mutane. Ya kama magidanci, ya haɗiyi magani, bayan kwana biyu ya ɗauki fartanya ya koma gona. Ya kama ɗan shekara biyu, kafin dare sai jijjiga, tafin hannu ya yi fari fat, a ruga asibiti neman ƙarin jini. Wannan bambanci ne ya sa masana suka yarda cewa jiki yana iya koyon faɗa da maleriya.

A 1961 aka tabbatar da haka a Gambiya. Ian McGregor da abokan aikinsa suka tace sinadaran garkuwa daga jinin manya, suka yi wa yara marasa lafiya allura da su, ƙwayar cutar ta ragu ƙwarai a jininsu. A 1967 kuma Ruth Nussenzweig ta raunana ƙwayar da hasken X-ray a New York, ta saka wa ɓeraye, suka sami kariya. Aka ɗauka aiki ya zo ƙarshe. Ashe ko rabi ba a yi ba.

Darasi mai ɗaci ya fito ne daga cikinmu. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi babban bincike a Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa. An bi ƙauyuka ana feshe bangon ɗakuna da maganin propoxur, ana raba magani gida-gida, ana ɗibar jini a kai a kai. Cutar ta yi ƙasa sosai amma ba ta yanke ba, kuma a ƙauyukan da aka kare sinadaran garkuwar mutane su ma suka ragu. Da aka janye, maleriya ta dawo. Wato garkuwar magidancin nan, shekaru na cizo ne suka gina ta, kuma ba ta dawwama.

Me ya sa jiki yake jinkirin koyo haka? A 1995 aka gano wasu ƙwayoyin gado da ake kira var. Kowace ƙwayar maleriya irin falciparum tana da kusan 60, kowanne yana ƙera furotin daban da take shimfiɗawa a bayan jar ƙwayar jinin da ta shiga. Ɗaya take fitarwa a lokaci guda, kamar ɓarawon da ke da riguna cike da adaka: kafin 'yan sintiri su gane shi da shuɗiya, ya fito da fara. Wata ƙwayar a gari guda kuma nata tarin daban ne. Da aka karanta tsarin halittarta gaba ɗaya a 2002, an tarar da ƙwayoyin gado sama da 5,000. Ƙwayar ƙyanda 6 kacal gare ta.

Bandiagara ta ƙasar Mali ta nuna abin ƙiri-ƙiri. An gwada wani rigakafi mai ɗauke da furotin AMA1 a kan yara 400, sakamakon ya fito a 2011. A dunƙule bai taɓuka abin kirki ba, amma a kan ƙwayoyin da furotin ɗinsu ya yi daidai da na allurar, kariyar ta kai kashi 64 cikin 100. Matsalar ita ce irin waɗannan 'yan tsiraru ne a garin. A ganina wannan gwajin da aka ce ya faɗi ya fi wasu da aka yi wa guɗa ilmantarwa.

Rigakafin RTS,S, wanda kamfanin GSK da cibiyar binciken sojan Amurka ta Walter Reed suka haɗa a 1987, ya bi ta wata ƙofa: yana tare ƙwayar ne tun kafin ta shiga hanta. Babban gwajinsa a ƙasashen Afirka 7 ya nuna raguwar zazzaɓi da kashi 36 cikin 100 a kusan shekara 4. Sai a Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, bayan an jarraba shi a Ghana da Kenya da Malawi, inda mace-macen ƙananan yara suka ragu da kashi 13. R21 na Jami'ar Oxford, wanda ya ba da kashi 77 a Nanoro ta Burkina Faso, ya sami amincewa a 2023. Shi Najeriya ta fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024.

Allura huɗu ce, kuma ƙarfin ukun farko yana dushewa, don haka ta huɗun ba ta ganin dama ba ce. Iyaye su riƙe katin, su kai yaro ranar da aka rubuta, gidan sauro kuma a ci gaba da ɗaura shi kowane dare.