Shirun Mai Ƙuri'a: Bita kan Ƙididdigar Ra'ayi da Zaɓen 2023 a Kaduna

Tun da aka kammala zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairu 2023, wata da'awa ta yawaita a bakin masu sharhi, har ta fara shiga rubuce-rubucen ilimi kamar an yi ijma'i a kanta, cewa dalilin da ya sa ƙididdigar jin ra'ayin jama'a ta kasa hango sakamakon Arewa shi ne talakan Arewa ba shi da ra'ayin da za a auna, sai dai ya jira daren zaɓe, liman ya yi nuni, mai unguwa ya yi umarni, ɗan siyasa ya miƙa abin hannu. Mai wannan ra'ayi yakan jingina da abin da aka rubuta tuntuni game da ubangida da bara a siyasar ƙasar Hausa (Dudley, 1968, Whitaker, 1970), wanda ba sai an maimaita shi a nan ba. Abin da nake jayayya da shi kiyasin ne, domin a ganina alƙaluman da ake kafa hujja da su suna nuna kishiyar abin da ake so su nuna.

Ƙididdiga uku da NOI Polls ta yi wa Gidauniyar ANAP ta wayar tarho su ne aka fi ambata. A ta Satumba 2022 Peter Obi ya sami kashi 21 cikin ɗari, Bola Tinubu 13, Atiku Abubakar 13. A ta Disamba Obi 23, Tinubu 13, Atiku 10. A ta Fabrairu Obi 21, Tinubu 13, Atiku 10. Duk wanda ya dube su da idon basira zai ga cewa rabon 'yan takara bai motsa ba sai kaɗan, alhali kuwa gagarumin motsi ya auku a layuka biyu na ƙasa, waɗanda jaridu ba su cika sa su a kanun labari ba: masu cewa ba su yanke shawara ba sun sauko daga kashi 32 zuwa 23, masu ƙin faɗin wanda za su zaɓa kuma sun hau daga 15 zuwa 30. Da a ce jama'a na zaune ne babu ra'ayi suna jiran umarni, da layin farko ne zai tsaya ƙyam har jajibirin zaɓe. Amma sai ga shi yana raguwa, na biyu yana ninkawa, wanda mafi kusa ga hankali shi ne mutane sun riga sun ƙudurta abin da za su yi, suka ga bai kamata su faɗa wa muryar da ba su san mai ita ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa ba a jingina magana ga wanda ya yi shiru, kuma ban ga abin da zai halatta wa mai nazarin siyasa ya jingina masa rashin tunani ba.

Wannan kame baki yana da sababi a Kaduna fiye da ko'ina. Garin da rikicin Shari'a na shekarar 2000 ya raba mazaunansa, Musulmi suka tattaru a arewacin kogi, Kirista a kudancinsa, ya koya wa mutanen Kawo da Unguwar Shanu da Badarawa da Tudun Wada cewa tambayar wa za ka zaɓa tana iya zama tambayar kai ɗan wane ɓangare ne, balle a shekarar da APC ta tsayar da Musulmi biyu, Tinubu da Kashim Shettima.

Sai dai wajibi ne in taƙaita da'awata a nan, domin waɗancan alƙaluma na ƙasa baki ɗaya ne, kuma sakamakon da zan kawo na jiha ne, saboda haka abin da za a ce game da unguwannin arewacin kogi zato ne mai rinjaye, bai kai yaƙini ba. A 2019 Muhammadu Buhari ya sami ƙuri'a 993,445 a Jihar Kaduna, Atiku 649,612. A 2023 Atiku ya ci jihar da 554,360, Tinubu ya sami 399,293, Obi 294,494, Rabi'u Musa Kwankwaso 92,969. Ashe ke nan wanda ya yi nasara ya yi ta ne da ƙuri'un da suka gaza na shekarar da ya sha kaye, APC ta yi asarar kusan 600,000, kuma jimillar 'yan takara huɗun nan ta gaza ta biyun 2019 da kimanin 300,000. Lalle wasu daga cikin masoyan Buhari sun koma ga Atiku da Kwankwaso, suka cike gurbin da magoya bayan PDP na kudancin jiha suka bari da suka bi Obi. Amma kaso mai yawa zama suka yi a gida. Mutumin da ya ga an rufe layin dogo bayan harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, ya yi makonni yana layin banki saboda canjin kuɗin da Babban Banki ya sanar a Oktoba, har gwamnatin jiharsa ta kai gwamnatin tarayya ta jam'iyyarta ƙara Kotun Ƙoli, idan ya ƙi fita ranar zaɓe hukunci ya yanke, kuma hukunci ne da tambayar wa za ka zaɓa ba ta iya kamo shi.

Hujja mafi ƙarfi da abokin jayayyata ke da ita, wadda ba zan raina ba, ita ce zaɓen gwamna na 18 ga Maris, inda Uba Sani na APC ya sami 730,002, Isa Ashiru na PDP 719,196. Zai ce: ta yaya jam'iyyar da ta tashi da ƙasa da 400,000 za ta ƙara sama da 300,000 cikin mako uku, in ba mumbari da aljihu ne suka yi aiki ba? Na sallama masa cewa an yi wa'azi, an kuma yi rabo, kamar yadda ake yi a kowane zaɓe. Amma ya manta PDP ma ta ƙaru da kusan 165,000 a daidai wannan lokaci, kuma ba ya cewa waɗancan saye su aka yi. Yakan ce sun yi lissafi ne suka haɗa ƙuri'arsu wuri guda don kada ta tarwatse. To, me zai hana a yi wa mutumin arewacin kogi irin wannan kyakkyawan zato? Mas'alar da aka ajiye gabansa a Maris daban take da ta Fabrairu: a can yana hukunta gwamnatin tarayya da ta ƙuntata masa, yana kuma da ɗan Arewa Musulmi a kowane ɓangare, a nan kuwa yana duban wanda zai zauna a fadar gwamna, Gidan Sir Kashim Ibrahim, cikin jihar da kowane ɓangare ke tsoron rinjayen ɗan'uwansa, bayan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da yawo. Idan har huɗubar Juma'a ce ke juya shi yadda ta so, ina huɗubar take a Fabrairu, lokacin da aka yi ta kiran a zaɓi tikitin Musulmi biyu, jihar kuma ta juya masa baya? Wa'azi yakan kama ne inda ya tarar da tsoro ko fata da ke zuciyar mai sauraro tun da fari. Kuma tsohuwar Jihar Kaduna da ta ɗora Balarabe Musa na PRP kan kujerar gwamna a 1979, alhali NPN ce ke da rinjaye a majalisarta, ba yau ta fara rarrabe ƙuri'a ba.

Saboda haka ina kira ga masu wannan sana'a, da sassan nazarin siyasa na jami'o'inmu, su riƙa buga adadin waɗanda suka ƙi amsawa a gefen adadin 'yan takara, jiha jiha, su yi tambayar gaba da gaba cikin Hausar unguwa, su kuma tambayi mutum ko zai fita kafin su tambaye shi wa zai zaɓa.