Kunne Ba Ya Barci: Sautin Dare da Mafarki a Tarihin Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wani ɓangare na tarihi da manazarta ba su faye kula da shi ba, watau abin da kunnen mai barci yake ji. Mun ɗauki ƙasar Haɗejiya ta zama misali, saboda a nan yaƙi da ibada da ruwa duk sun sa tilas mutum ya kwanta yana saurare.

2.0 Abin da Masana Suka Gano

Tun zamanin Girkawa, Aristo ya lura cewa ƙaramin sauti yakan shiga mafarki ya zama babba. A 1861 Alfred Maury, mutumin Faransa, ya buga sakamakon gwaje-gwajen da ya sa aka yi masa yana barci. A 1953 Aserinsky da Kleitman na Jami'ar Cikago suka gano wani mataki na barci wanda ido ke motsi da sauri a cikinsa, kuma a nan ne aka fi yin mafarki. Dement da Wolpert kuwa, a 1958, sun jarraba ƙara da haske da yayyafin ruwa a kan masu barci. Ruwan ne ya fi shiga mafarki, ƙarar kuma ita ce ta baya. Sai dai a 1960 Oswald da abokan aikinsa suka nuna mai barci ya fi motsawa in an kira sunansa bisa ga sunan wani. Ashe ke nan kunne yana tace abin da ya ji: ya ƙyale wanda ya saba da shi, ya sarƙa wani cikin mafarki, ya ta da mutum a kan wanda ya shafe shi.

3.0 Daren Yaƙi

Daga 1848 zuwa rasuwarsa a 1863, Sarki Buhari ya bijire wa Sakkwato, ya yi ta kai hari ƙasashen maƙwabta. A irin wannan zamani ganuwa kaɗai ba ta isa tsaro ba. Haushin kare da haniniyar doki da kururuwa su ne ke isar da gargaɗi ga wanda ya kwanta. A fadojin ƙasar Hausa kuma tambari ba kayan nishaɗi ba ne kurum. Da shi ake shelar naɗi da Salla da fita yaƙi, kuma talaka ya san bambancinsu. Wanda kunnensa ya mai da kiɗan gargaɗi ya zama mafarkin biki, barcinsa na iya kai shi ga bauta. Wannan aiki na tambari ya ƙare a watan Afrilu na 1906, sa'ad da sojan Turawa suka ci Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya yi shahada.

4.0 Daren Ibada

Kiran assalatu da al'adar tashe, wadda asalinta ta da mutane ne domin sahur, duk an gina su a kan sanin cewa murya tana kai wa ga mai barci. Malamanmu sun kasa mafarki uku: na bushara, da na Shaiɗan, da na zancen zuci. Sun kuma ɗauki mafarkin goshin asuba a matsayin mafi gaskiya. Abin lura shi ne, binciken zamani ya nuna barcin mafarki ya fi tsawo a wannan lokaci, daidai sa'ad da ladan ke kira, zakara ke cara. Saboda haka ya kamata mai tattara tarihin baka, in an ba shi labarin mafarki, ya tambayi lokacin da aka yi shi da abin da ke kaɗawa a gari.

5.0 Daren Ruwa

Mutanen fadama sun san kukan kwaɗi da ƙugin kogi cikin Agusta da Satumba. Gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ya sauya yadda ruwa ke zuwa, kacalla kuma ta toshe magudanai da yawa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun rushe gidaje da gonaki a Jihar Jigawa. A nan batun ya wuce nazari. In ruwa ya zo da dare, ƙararsa sananniya ce, kunne na iya ƙyale ta. Binciken 1960 ya nuna hikimar dabarar gargajiya, watau a buga ƙofa a kira mutum da sunansa.

6.0 Kammalawa

Injin lantarki da lasifika sun sauya daren Haɗejiya, dattawan da suka san tsohon daren kuwa suna ƙarewa. Muna kira ga sassan Tarihi da na Hausa a jami'o'inmu su naɗi bayanan makaɗan fada da masunta da ladanai tun suna raye, domin rabin rayuwar magabata cikin dare aka yi ta.